Yadda Ake Nuna Halin Zuci a Gajeren Wasan Soyayya Mai Labarin Cikin Ba-zata

Duk wanda ya zauna a majalisar samari a ƙauyukan ƙasar Ringim bayan sallar isha'i ya ga yadda mutum huɗu ko biyar suke haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon gajerun wasannin nan da kowane kashi bai wuce minti ɗaya ko biyu ba. Salon ya taso ne daga ƙasar Sin, manhajoji irin su ReelShort da DramaBox suka kai shi Amurka da sauran duniya, kuma ɗaya daga cikin labaran da masu shirya su suka fi juyawa shi ne na macen da ta tsinci kanta da cikin da ba ta shirya masa ba. Yaranmu da suka iya riƙe waya sun fara yin nasu suna ɗorawa a Facebook da TikTok da YouTube, abin da nake murna da shi ƙwarai. Sai dai da yawansu suna ɗauko yadda mutanen can suke bayyana abin da ke ransu su ɗora wa matar ƙauye: ta fito daga ɗaki da tsinken gwaji a hannu, ta dubi mijinta ido cikin ido ta ce masa tana da ciki, sannan ta fashe da kuka, sarewa ta ɗauka. Mai kallo yana gani ya san ba a irin gidansu aka yi wannan ba, don haka abin ba ya taɓa shi.

A wurinmu ciki abu ne da ake ganewa, ba kasafai ake furta shi ba. Akan ce mace ta yi ɓatan wata, ko tana da juna biyu, ko ta samu rabo, ko kuwa a ce jikinta ya yi nauyi, kuma mai cikin fari takan ɓoye shi har sai zane ya gaza rufewa. Wannan kunyar ita ce babbar dukiyar mai shirya wasa, domin duk abin da baki ya ƙi faɗa dole ya fito ta hannu da ido da tafiya, kuma waɗannan su ne kyamarar waya ta fi iya kamawa. A kan wannan na gina bayanin da ke tafe, daga abin da muka koya a 'yar ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo.

Fara da sanin wane irin ciki ne

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka yanke wa kanka dalilin da ya sa cikin ya zama na ba-zata, saboda daga dalilin ne za ka san ko tsoro ne zai rinjayi fuskar matar, ko kunya, ko murnar da take jin nauyin nunawa. Masu farawa sukan ruga zuwa cikin da aka yi ba aure, suna ganin ya fi tayar da hankali. Shawarata ita ce a bar shi sai hannu ya faɗa. Labari ne mai nauyin da minti uku ba zai ɗauka ba, yakan ƙare da tsinuwa ko wa'azi har soyayyar da aka ce ana nunawa ta ɓace, kuma a ƙaramin gari ba a rasa wanda zai ce da 'yar gidan wane ake. A cikin aure kansa akwai ba-zata iri-iri da babu gidan da bai san su ba.

Wanda na fi so shi ne kwanika, wato mace ta samu ciki alhali tana da goyon da bai isa yaye ba. A nan tsoro hawa-hawa ne. Tana tsoron habaicin da sa'o'inta za su yi mata a gidan suna, tana tsoron a ce ta cuci jaririn da ke bayanta, tana tsoron a tilasta mata yaye shi yana wata takwas, ga kuma hatsin rumbu da ba lallai ya kai damina ba. Abin da ya sa labarin ya dace da wasan soyayya shi ne kunyar ta mutum biyu ce, amma a kan mace ɗaya ake sauke ta. Saboda haka tambayar da mai kallo zai zauna yana jiran amsarta ita ce ko mijin zai tsaya ya ɗauki rabonsa na maganar, ko kuwa zai ɗauki jakarsa ya tafi ci-rani Legas ya bar ta da bakin mutane.

Na biyu shi ne cikin da ya bayyana bayan saki. Wannan yana zuwa da agogonsa, wanda ba kai ka ƙirƙira ba. Aya ta 4 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna cewa iddar mai ciki tana ƙarewa ne da haihuwa, aya ta 6 kuma ta ɗora ciyar da ita a kan mijin har ta sauka. Idan saki ɗaya ne ko biyu, yana da damar mayar da ita kafin iddar ta cika. Ke nan macen da ta zaci za ta gama idda cikin kamar wata uku ta rabu da mutum sai ta ga an ƙara mata watanni a ɗaure da shi, shi kuma mai girman kan da ya kasa zuwa biko ya samu hujjar turo hatsi da kuɗin cefane gidan surukansa. Kowane buhu da ya sauka a zauren nan saƙo ne, kuma kowane wata da ya wuce ƙofar kome tana ƙara matsewa. Da wuya ka samu labarin da ya fi wannan dacewa da kashi-kashi.

Akwai kuma dattijuwar da 'yarta ta dawo gida goyon ciki, sai ga ita ma da nata, tana ɓoye laulayinta tana yi wa 'yar hidima. Akwai wadda ta shekara goma ba haihuwa har an yi mata kishiya, ta riga ta cire rai. Ka zaɓi ɗaya kawai. Gajeren wasa ba ya ɗaukar damuwa biyu.

Wa zai fara ganewa

Kada ka bar matar ta sanar da kanta. A gidan ƙauye mai fara ganewa yawanci uwar miji ce, ko kishiya, ko wata gwaggo da ta zo wucewa, kuma sau da yawa sukan riga mai cikin sani. Ka gina fitowar farko a kan wannan idon. Misali, matar tana bakin murhu ta jefa daddawa a miya, ƙamshin ya bugi hancinta, ta kau da kai, ta tashi da sauri ta zaga bayan ɗaki. Kyamara kada ta bi ta. Ta tsaya a kan uwar mijin da ke zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, hannunta ya tsaya cak, idonta ya bi yarinyar, sannan ya sauka a kan jaririn da ke rarrafe a tsakar gida. A cikin daƙiƙa goma mai kallo ya san akwai ciki, ya san akwai goyo, ya kuma san akwai wadda ta gane, alhali ba a ce uffan ba.

Idan za su yi magana, to ta zama irin maganar da suruka da surukarta suke yi. Tsohuwar ba za ta tambaye ta kai tsaye ba. Za ta ce, "Ke 'yar nan, kwana biyu na ga kina yawan tofar da yawu." Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Shawara ce take damuna, Inna." Tsohuwar ta yi shiru, ta ce, "To, Allah ya sawwaƙe. Ki daina ɗaukar tulun nan, yara sa ɗebo." A hana ta ɗaukar tulu, nan ne aka faɗi komai, kuma a nan ne mai kallo zai gane tsohuwar ta tausaya ko ta ƙullata, gwargwadon yadda ta furta.

Tsinken gwajin fitsari ana sayar da shi a kemis har a garuruwan kasuwa, kuma layi biyu ne alamar akwai ciki, don haka ba laifi ba ne ya fito a wasanka. Amma ka tambayi kanka wa ya sayo mata shi, domin matar da ke cikin kulle ba za ta aiki yaro ya sayo ba, kuma mai kemis ɗin ya san mijinta. Wahalar samo tsinken ta fi sakamakon da zai nuna daɗin kallo: ta roƙi ƙawarta mai zuwa kasuwar Gujungu, ƙawar ta kawo shi a ƙulle cikin ledar kuka da kuɓewa, ta miƙa mata ba tare da sun haɗa ido ba.

Fitowar miji da mata

Wannan ita ce zuciyar wasan, kuma a kanta ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacin gwaji. Tun da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, masu fim ɗin Hausa suke aiki da sharaɗin cewa namiji da mace ba sa taɓa juna a gaban kyamara, kuma ko a Jigawa kake ɗauka, masu kallonka da wannan ma'aunin za su auna ka. Kada ka ɗauki wannan a matsayin cikas. Ma'auratan ƙauye dama ba sa nuna ƙauna da taɓa juna a idon mutane, suna nuna ta da abin da suke miƙa wa juna da kuma tazarar da ke tsakaninsu. Ka auna wannan tazarar tun kafin a fara ɗauka. Idan a farkon fitowar tana bakin ƙofa shi yana kan tabarma, a ƙarshenta kuma ta zauna a gefen tabarmar, mai kallo zai ji cewa wani abu ya warware ko da bai lura da abin da ya canja ba.

Ka ba hannayensu aiki. Ta kawo kwanon tuwo ta ajiye, ta buɗe, ta zuba ruwa a moɗa, amma maimakon ta tashi kamar kullum sai ta tsaya tana gyara faifan da babu abin da ya same shi. Ya ɗago ya ce, "Lafiya?" Ta ce, "Malam, dama..." sai ta yi shiru. Ba za ta kira sunansa ba, kuma ba za ta ƙarasa ba. Abin da za ta iya faɗa bai wuce, "Inna ta ce wai a kai yaron nan wurinta ya kwana biyu," wanda duk magidanci ya san ma'anarsa yaye ne, yaye kuma a wata takwas ma'anarsa ɗaya ce. Daga nan fitowar ta koma hannun mijin. Lomar da ya ɗauko ta tsaya tsakanin kwano da baki. Ka bar kyamara a kansa, ka ƙirga har biyar a zuciyarka kafin ya motsa. Masu farawa suna tsoron shiru, sukan yanke shi a wurin haɗa hoto, alhali a cikin shirun nan ne mai kallo yake shiga zuciyar mutumin yana lissafa buhunan gero tare da shi.

Amsar da zai bayar kada ta zama jawabi. "Allah ya raba lafiya" ta isa, kuma ana iya faɗinta ta hanyoyi da yawa: a faɗe ta ana kallon ƙasa ta zama guduwa, a faɗe ta ana tura mata kwanon gabanta ta zama alkawari. Ƙaunar da ya kasa furtawa ka ajiye ta sai kashi na gaba, inda zai dawo daga kasuwa ya ajiye ƙullin tsamiya ko ɗanyen mangwaro a bakin ƙofarta ya wuce kamar ba shi ya ajiye ba. Ita kuma ta ɗauka ta juya baya ga kyamara, kafaɗarta kawai za a gani. Ban taɓa ganin hawayen da aka matso da albasa ya yi aikin da wannan kafaɗar take yi ba.

Idan mijin yana ci-rani ne, fitowar ta zama ta waya, kuma wayar ƙauye tana da nata cikas da za ka mora. Wayar ta ƙanin miji ce aka ara, yana tsaye a kusa yana jiran abarsa, layi yana yankewa, kati yana ƙarewa. Matar tana da minti ɗaya ta faɗi abin da ko su biyu ne a ɗaki ba ta iya faɗa.

Hoto, haske da sauti

Irin wannan wasa a tsaye ake riƙe waya a ɗauke shi, don haka faɗin hoton bai wuce na mutum ɗaya ba. Ka yi amfani da wannan ƙuncin. Fuska da hannu su ne kayan aikinka, kuma wanda ake faɗa wa magana ya fi mai faɗinta cancantar hoto. Ɗakin ƙasa yana da duhu, wayoyinmu kuma ba sa jure duhu, saboda haka ka zaunar da mai wasa kusa da bakin ƙofa yadda haske zai faɗo a gefe ɗaya na fuskarta, ɗaya gefen ya zauna a inuwa. Da hantsi ko bayan la'asar ake ɗaukar tsakar gida. Rana tsaka tana sa idanu su zurma cikin inuwa, ido kuwa shi kake nema. Ka ɗora wayar a kan abin da ba ya motsi, ko da turmi ne aka kifa aka tokare ta da dutse.

Sauti ya fi hoto ba da wahala. Ƙaramin makirfon nan da ake maƙalawa a riga ya cancanci kuɗinsa, domin maganar da ta fi muhimmanci a wasanka ƙasa-ƙasa za a yi ta, kuma iskar hunturu tana cinye ta gaba ɗaya. Game da kiɗa, mun gaji ɗabi'ar cika kowace fitowa da sarewa, har ya zama ana gaya wa mai kallo lokacin da zai ji tausayi. Gidan ƙauye yana da nasa kiɗan. Ka bar ƙarar daka tana tashi daga maƙwabta a duk tsawon fitowar, lugude yana tafiya, sannan a daidai lokacin da mijin ya gane, ka yanke ta. Kunnen mai kallo zai ji wannan yankewar kafin hankalinsa ya san dalili. Kukan jaririn daga cikin ɗaki, a wasan kwanika, ya fi kowace waƙa nauyi.

Kada jikin ya yi ƙarya

Mata su ne mafi yawan waɗanda za su yanke wa wasanka hukunci, kuma sun san lissafin ciki fiye da kai. Mun taɓa yin kuskuren cusa wa mai wasa tsumma a ciki a fitowar da aka ce ɓatan watanta na biyu ke nan, kuma da muka nuna wa iyayenmu mata, daga nan hankalinsu ya bar labarin, duk wahalar da yarinyar ta sha a sauran fitowar ta tafi a banza. Ciki yana ɗaukar kimanin mako 40 daga jinin ƙarshe. Laulayi yakan fara wajen mako na 6 ya lafa bayan wata uku, cikin ba ya fitowa sosai sai wata na huɗu zuwa na biyar, motsin ɗa kuma a wajen wannan lokacin ake fara jin sa. A farkon watanni abin da za ka nuna shi ne kasala da yawan barci da ƙin wani abinci da kwaɗayin wani. Daga baya sai tafiya ta canja, ta riƙa dafa ƙugu in za ta tashi, ɗaurin zane ya hau sama. Idan labarinka ya ƙunshi zargi a kan lissafin watanni, ka sani cewa mafi ƙarancin lokacin ciki a wurin malaman fiƙihu wata 6 ne, wanda suka fitar ta hanyar cire shekara 2 na shayarwa a Suratul Baƙara daga wata 30 na ciki da yaye a Suratul Ahƙaf.

Akwai kuma amanar da ke kanka game da lafiya, tunda wasan zai shiga wayoyin da babu likitan da ke shiga. Kana iya sa tsohuwa ta ce nonon mai ciki guba ne ga goyo, domin haka ake faɗa a gidaje, amma kada wasan ya ƙare a kan cewa gaskiya ta faɗa. Idan ciki yana tafiya lafiya mace tana iya ci gaba da shayarwa, kuma yayen gaggawa shi ne yakan jefa yaro cikin tamowa. Haka nan shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai idan jaririn bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha, kuma jinin al'ada bai dawo ba, wanda shi ne dalilin da ya sa kwanika take zuwa wa mata da yawa ba zato. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a samu tazarar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, kuma tun 2016 take cewa mai ciki ta je awo aƙalla sau 8. Kada ka sa wani ya tsaya ya karanto waɗannan a wasan. Ka mayar da su aiki: mijin ya ari babur da asuba, ya tsaya a ƙofar gida yana jiranta ta fito da katin awo a naɗe cikin mayafi. A ƙauyen da mace ba ta fita sai da izini, wannan babur ɗin shi ne mafi girman furucin ƙauna da wasanka zai iya yi.

Inda za ka yanke

Kowane kashi ya ƙare kafin amsa ta zo. Ka yanke a kan lomar da ta tsaya a hannu, ko a kan sallamar da aka yi a zaure ba a san ko ɗan aiken biko ne ba. Amma kada ka riƙa ƙirƙiro sabon tashin hankali a ƙarshen kowane minti kamar yadda na waje suke yi, da suma da mari da asirin da ya tonu. Tambaya ɗaya da ka buɗe a kashin farko ta isa ta riƙe kashi biyar ko shida idan kowane kashi yana matso da ita kusa kaɗan.

Sai maganar wadda za ta fito a matsayin mai cikin. A ƙauye ba kowa ne yake raba wasa da gaskiya ba, kuma yarinyar da ta fito da ciki a waya tana iya wayar gari ana nuna ta a bakin rijiya. Ka je da kanka wurin mahaifinta ko mijinta, ka karanta masa labarin daga farko har ƙarshe, ka gaya masa inda za a ɗora shi, domin abin da ya shiga intanet ba ya dawowa. Matar aure da mijinta ya amince ta fi budurwa dacewa da wannan matsayi, don kare mutuncinta da kuma don ta san yadda mai laulayi take zama. Jaririn da za a ara ya kasance uwarsa tana wurin, a ɗauki fitowarsa da farko a sallame shi kafin rana ta yi zafi. Idan ka gama haɗawa, kafin ka ɗora, ka kai wayar cikin gida ka kunna wa mata uku ko huɗu da suka haihu, ka koma gefe ka zauna inda za ka ga fuskokinsu. Wurin da suka fara hira da juna ka koma ka rage shi, wurin da ɗayarsu ta ce "Allah sarki" ƙasa-ƙasa kuma ka ƙara masa daƙiƙa biyu.